Kalmomin Yawo Da Na Koyo A Panya

Guangzhou, ƙasar Caina
Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Zuwa ga ɗana Tasi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mahaifiyarka Rakiya, da yayarka Binta da 'ya'yanta. Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ya tsare ku a gida da waje, ya kare ku daga sharrin da ake gani da wanda ba a gani.

Wasiƙarka ta iso ni ta hannun Alhaji Ya'u, wanda yake zuwa nan sarin kaya daga kasuwar Kwari. Ita ce ta farko da ka taɓa rubuto mini, kana da shekara ashirin da ɗaya a duniya. A samanta ka sa "Zuwa ga Malam Garba." Na juya takardar gaba da baya ko akwai inda alƙalaminka ya kuskure ya rubuta Baba, ban gani ba. Ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai ba ni da wanda zan kai wa ƙara, ni na jawo wa kaina da ƙafata.

Abu biyu ka roƙe ni. Ka ce an haƙo mai a Malabo, abokinka ya samo maka aikin sauke kaya a tashar jiragen ruwa, kuma ka ji ana cewa na taɓa zama a ƙasar, don haka in rubuto maka kalmomin Sifaniyanci da za su taimake ka. Na biyu, ka ce kada Ummanka ta ji. Za ka gaya mata Legas za ka je na mako biyu, in ka isa can ka natsu sai ka rubuto mata gaskiya, wai don kada hankalinta ya tashi. Amsar na biyun tana ƙarshen takardar nan. Ka yi haƙuri ka bi ni a hankali har can.

Gaisuwa da ƙirga da sunan abinci ba sai uba ya koya maka ba, za ka tsince su a bakin titi cikin kwana kaɗan. Abin da na ƙware a kai, wanda ba kowa zai ba ka ba, shi ne kalmomin yawo. Mu muna da shan iska, muna da gantali, da ragaita, da gararamba. Su ma suna da nasu, kowace da inda ake ajiye ta, kuma babu wadda ba a taɓa rataya mini a wuya ba.

A zamaninmu Panya muke ce wa ƙasar, garin Malabo kuwa Santa Isabel ne sunansa, Turawan Sifaniya suna nan ba su tafi ba. Ina da shekara goma sha tara na ji labarinta a bakin wani direba. Na samu kakarka, Inna, tana tankaɗe a tsakar gida, na ce mata zan raka fataken goro Shagamu, kwana goma in dawo. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kwana goma ka ce ko, Garba? To, Allah ya tsare hanya." Ta tashi ta ƙulla mini ƙanzo da ƙuli-ƙuli a tsumma, ta auna daidai na kwana goma. Na bi ta Kalaba na hau jirgin ruwa. Shekara tara na yi.

Kalma ta farko ita ce pasear. Shan iska ke nan, tafiyar mutumin da ya ci ya ƙoshi ya fito miƙe ƙafa. In an tambaye ka me kake yi, sai ka ce estoy paseando, wato ina ɗan shan iska. Kalma ce mai tsabta, amma ba ta kowa ba ce, ga yadda na gane.

A Santa Isabel duk Bahaushen da ya sauka, gidan Baba Audu mai masauki ake nuna masa. Dattijo ne mutumin Zazzau da ya auri 'yar ƙasar. Zai ciyar da kai kwana uku bai tambaye ka komai ba. A na huɗu ya zaunar da kai ya tambayi sunan ubanka da unguwarku, ya raka ka a yi maka takardar zama da sunansa a matsayin wanda ya tsaya maka, sannan ya rubuta wasiƙa da ajami ya ba masu jirgi, don mutanenka su san inda ka faɗa. Wannan wasiƙar ce na guje wa. Na ce ai Inna ba za ta ji ina Panya ba sai na tara abin da zan rufe mata baki da shi. Na ƙi zuwa gidan, na riƙa raɓewa a rumfunan kasuwa, da rana ina zaga gari.

Ran Lahadi na ga Turawa da matansu suna kai-komo a filin gaban coci, hannu cikin hannu, na tambaya aka ce mini pasear suke yi. Na riƙe kalmar ina jin daɗi. Kwana biyu bayan haka wani ɗan sanda ya tare ni ya tambayi abin da nake yi, na buɗe baki da ƙarfin hali na ce paseando. Ya yi dariya har ya dafa bango. Sai ya tambaye ni a ina nake zaune, gidan wa. Mai pasear yana da ƙofar da ya fito daga cikinta, kuma zai koma ya rufe ta. Ni ba ni da ita.

Saboda haka ranar da ka sauka, kafin ka nemi abokinka, kafin ka nemi abinci, ka tambayi mai masaukin Hausawa. Baba Audu ya daɗe da rasuwa, na sani, amma ba a rasa wanda ya gaji tabarmarsa. Ka gaya masa sunanka na gaskiya da unguwarku ta gaskiya. In hukuma ta tare ka, kada ka yi musu fasaha da kalmomi. Ka ce voy a casa de wane, wato gidan wane za ni, ka kama sunan mutumin da aka sani.

Abin da ɗan sandan ya rubuta a kaina shi ne vago, kalma ta biyu ke nan. Daga vagar ta fito, kuma harafin farkon kamar "b" suke faɗinsa. Vagar ita ce ragaita, tafiya ba inda aka nufa, ba mai jiranka. Za ka ji suna cewa anda vagando por ahí, yana can yana gantali. Kada ka taɓa faɗinta a kan kanka ko da wasa. A lokacin, wanda aka rubuta wa wannan kalma gonar koko ake kai shi, ya dangwala yatsa a takardar shekara biyu. Haka aka loda ni a bayan mota da wasu Inyamurai guda shida. Shekara biyu ina sara da adda cikin ruwan sama da ba ya ɗaukewa, ina fasa ƙwallon koko har tafin hannuna ya daina jin zafin wuta. Shinkafa da busasshen kifi, safe da yamma. Ni da na gudu daga taya Inna ɗaukar itace.

Wata na biyar a gonar, ran nan sai ga wani tsoho da rawani da laima ya ratso cikin itatuwa, taɓo har gwiwa. Baba Audu ne. Labari ya kai masa cewa akwai wani Bakano a gonar da ba shi da kowa, ya taso takanas. Ya zauna a kan kututture yana haki, ya ce, "Yaro, ɗan wane ne kai? Wace unguwa?"

Na ƙirƙiro suna da unguwa na ba shi.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ka ga, ni ba alƙali ba ne, ƙaryarka ba ta rage ni da komai ba. Uwarka nake ji. Ka ba ni sunanta kawai, layi biyu zan rubuta, in ce kana da rai."

Na ce, "Baba, sai na samu abin hannu tukuna."

Ya ce, "Ita ta ce maka abin hannu take jira?"

Ya ajiye mini goro biyu da carbi ya tafi. Har yau in na tuna bayansa yana ratsa itatuwan nan da laimarsa, sai in ji na tsani wannan yaron da ke zaune da adda a hannu, kuma yaron ni ne.

Ta uku ka buɗe kunne, domin ta shafi aikin da za ka je yi. Merodear. Ita ma yawo ce, amma yawon da ake zargi: mutum yana kewaya wuri yana leƙe, kamar kura a bayan garke. Mai vagar raina shi ake yi, mai merodear kuwa tsoronsa ake ji, kuma ba kai ke zaɓa wa kanka ita ba, mai gadi ne yake zaɓa maka. Da na gama shekaruna a gona na dawo gari, na riƙa zuwa bakin sito a tashar jirgi ina tsaye ko za a kira ni ɗaukar buhu. Ban san kowa ba, ba wanda ya san ni. Rana ta huɗu aka rasa buhu ɗaya. Mai gadi ya nuna ni ya ce estaba merodeando, wato ya ga ina ta shawagi a wurin. Ban taɓa buhun kowa ba, Allah shi ne shaida, amma na sha kulki har haƙorina na gefe ya fita, ramin yana nan. Wanda ya zo ya fitar da ni Baba Audu ne. Ya dafa kafaɗata a gaban hukuma ya ce yaron gidansa ne ni, alhali ko sunana na gaskiya bai sani ba.

To ka ji: a tashar jirgi kada ka tsaya hannu rabbana. In ba ka da aiki ka koma masauki. In kana tafiya ka miƙe kamar an aike ka, ko da igiya ce ka riƙe a hannu. Ka sa shugaban ma'aikata ya san fuskarka da sunanka tun ranar farko.

Na zauna gidan Baba Audu shekara shida bayan haka, har ya san sunana na gaskiya, ina cin tuwonsa, ina masa tallan turare da hula. Duk shekara sai ya tambaye ni sau ɗaya, bayan sallar layya, "Garba, in rubuta?" Duk shekara in ce baɗi. Da ƙasar ta rikice aka turo jirage kwashe 'yan Najeriya, na ji labari da hantsi a kasuwa, na ruga na hau da rigar jikina. Gidan bai fi tafiyar minti goma daga tashar ba. Ban je na yi masa sallama ba.

Ta huɗu ita ce deambular. Wannan ba ta mai laifi ba ce. Tafiya ce ta wanda hankalinsa ba ya tare da ƙafarsa. Na fara jin ta a asibitin garin, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni. Akwai wani tsoho da yake fitowa tsakar asibitin yana zagawa, ya je bakin ƙofa ya dawo, ya leƙa wannan ɗaki ya leƙa wancan. Ma'aikaciyar jinya ta girgiza kai ta ce deambula todo el día, wuni yake yana bulayi. Da tausayi ake faɗinta.

Da na iso Kano na tarar Inna ta shekara biyu a ƙasa. Maƙwabciyarmu ce ta zaunar da ni a zaure ta ba ni labari, ba ta rage mini komai ba, kuma ta kyauta. Ta ce tun daga kwana na goma sha ɗaya Inna ta fara zuwa inda fataken goro suke sauke kaya. Duk motar da ta iso daga kudu sai ta matsa ta ce, "Bayin Allah, ko kun ga Garba a Shagamu?" Tun suna amsa mata har suka koma suna ɓuya in sun hango ta. Ta sayar da tunkiyarta ta tura ƙaninta Shagamu, ya yi wata guda yana bin gidajen Hausawa yana kwatanta ni. A shekarunta na ƙarshe ba ta ma tambaya, sai dai ta fita da safe ta bi layin motocin tana duba fuskoki, yamma ta yi wani ya riƙo hannunta ya dawo da ita gida.

Ina zaune a zauren nan, kalmar ma'aikaciyar jinyar ce ta faɗo mini a rai, da yaren mutanen da Inna ba ta taɓa sanin akwai su ba. Ka lura da abin da na yi mata, Tasi'u. Tafiyar ba ita ce babban laifin ba, samari suna tafiya. Na ba ta sunan garin da ba na ciki. Shekara bakwai tana nema, tana addu'a, tana aike, duk suna tafiya Shagamu. In ka ce wa Ummanka Legas, a Legas za ta neme ka.

Za ka zaci wanda ya ga wannan ya warke. Na auri mahaifiyarka, aka haifi Binta, aka haife ka, na yi shekara takwas ina zaune kamar mutumin kirki. Kana da shekara shida na ce mata zan je Umara, wata ɗaya. Daga Jidda sai Bankok, daga can sai Hong Kong, da aka mayar da ita hannun Caina bara na tsallako nan. Ummanka kuwa ta zauna da allura da zare tana ɗinkin hula har ta ciyar da ku ta aurar da Binta, idonta ya tafi a kan hulunan mutane.

Akwai wata mai sauƙi, callejear, bin tituna don kallo, layi-layi, ba gaggawa. Wannan halal ce in ka gama aikinka ran hutu, kuma da ita ake sanin gari. Abin dariya, yanzu ita ce sana'ata. Alhazai suna sauka a unguwar Xiaobei ba su san gabas ba, ni nake shiga gaba in kai su kasuwar Shisanhang, shago-shago, bene-bene. In ce laoban, wato mai shago, akwai wannan? A ce meiyou, babu, mu ƙara gaba. Ƙafar da ta raba ni da kowa ita take ciyar da ni. Ɗakin da nake haya da wani Alhaji Idrisu mutumin Kumasi yana kusa da filin jirgin Baiyun, jirage suna wucewa ta kanmu har kofin shayi yana rawa. Duk jirgin da ya tashi sai Alhaji Idrisu ya ce da ni cikin Hausarsu ta zango, "Malam Garba, wannan ma ya tafi bai ɗauke ka ba." Yana wasa ne, ni kuma ina dariya.

Saura ɗaya, ita ce na fi jin nauyin rubutawa. Rondar. Kewaya wuri ɗaya, a dawo a sake dawowa, ba a shiga ba. Suna cewa ronda la casa, yana zagaya gidan. Mai gadi yana yi, saurayi mai kunya yana yi a ƙofar budurwa.

Kana da shekara goma sha huɗu na zo Kano. Ba ka sani ba. An koro ni daga Jidda ne, ba ni da ko jaka. Na sauka a wurin wani aboki a Fagge, na yi kwana uku ina zuwa unguwarmu. In zauna a teburin mai shayin bakin layi, hula a kan goshi, in tashi in bi ta bayan gidan, in fito ta wajen famfo, in dawo. Na ga an sake ƙofar zaure. Na gan ka ka dawo daga makaranta, ka tsaya ka cire takalmi ka kakkaɓe tsakuwa, ka shige. Tsakanina da kai bai fi taku ashirin ba. Na ce a raina ba zan shiga wa iyalina hannu biyu ba bayan shekara takwas, bari in koma in samo tsaraba. Maganar da na gaya wa Baba Audu a gonar koko ce, ban ko canza mata riga ba. Rana ta huɗu na hau mota.

Na ɗauka sirrina ne ni kaɗai, sai bara. Muna cin taliya da Alhaji Ya'u a wurin Musulmin Caina da ke Xiaobei, ka san matarsa ƙawar Ummanka ce. Ya ajiye tsinken cin abincinsa ya ce, "Malam Garba, wata magana ce ta daɗe tana cina. Zuwan da ka yi Kano, ai Rakiya ta gan ka."

Na ce, "Wane zuwa?"

Ya ce, "Haba Malam. Tun ranar farko ta hango ka ta tagar soro. Ta share ɗakinka ta shimfiɗa tabarma. Kwana uku tana ƙara hannu a tuwo, yara suna tambaya baƙo za a yi, tana cewa wataƙila. Ta ce ba za ta aika a kira ka ba, kada ka ji kunya, gara ka shigo da ƙafarka."

Na ce, "Me ta ce da na tafi?"

Ya ce, "Ta naɗe tabarmar."

Ban iya ƙarasa taliyar ba. Ita ba ta taɓa gaya muku ba don kada ku ƙara tsanata, ni kuwa na gaya maka yau don ka san irin matar da kake shirin yi wa ƙarya. Ba jin tafiyarka ne zai karya ta ba, ta ɗauki abin da ya fi wannan. Jiran wanda ya ce mako biyu shi ne ba na so ta sake yi.

Za ka ce mai wa'azin nan me ya hana shi dawowa. Tambaya ce mai kyau. Takarduna sun mutu, wannan dalilin da nake ba mutane ke nan. Na gaskiyar kuwa kunya ce, kuma kullum ƙara nauyi take. Ba zan yi maka alkawari ba, alkawarina ba ya da daraja a gidanku, kuma daidai ne.

Yanzu ga amsar roƙonka na biyu. Ban hana ka tafiya ba, ba ni da bakin hanawa. Ban kuma gaya wa Ummanka inda za ka ba, wannan maganarka ce. Amma ban rufa maka asiri yadda ka so ba. Na sa Alhaji Ya'u ya rantse ba zai ba ka takardar nan a kasuwa ba, sai a gida, a ɗakinta, tana zaune. Na kuma ce ya gaya mata, "Garba ya ce in Tasi'u ya gama karantawa, akwai maganar da zai faɗa miki." In Alhaji ya cika alkawari, to yanzu haka tana gabanka, ta juyo da kunnenta wajen ƙarar takardar tunda idon ba ya gani sosai, tana jira.

Na san ranka ya ɓaci. Ka ce na ci amanarka a wasiƙar farko da ka amince ka rubuto mini, wataƙila kuma ita ce ta ƙarshe. Na auna wannan kafin in ɗauki alƙalami, na yarda da shi.

Ka durƙusa ka gaya mata sunan garin, Malabo, ka maimaita har ta iya faɗa da bakinta. Ka gaya mata wata nawa ko shekara nawa, kada ka rage. In ta yi kuka ka zauna har ta gama. In ta ce a'a, ka dawo gobe ka sake roƙo. In ta sa maka albarka, ka bari ta ƙulla maka guzuri daidai tsawon tafiyar. Wannan a yaren Panya despedirse suke ce masa, yin sallama. Na san kalmar shekara talatin, na iya rubuta ta, ban taɓa yi wa kowa ba.

Allah ya tsare ka a ƙasa da ruwa. Ya haɗa ka da mai masauki irin Baba Audu, ya sa ka fi ni jin magana. Ya kare ka daga zargi da hannun hukuma, ya dawo da kai ƙofar da ka fita ta cikinta, ka tarar da wadda ka bari tana raye. Allah ya jiƙan Inna. Ya ba Rakiya lafiyar ido da ladan haƙurinta. Amin.

Ajiye takardar haka nan, ka ɗaga kai ka dube ta.

Ni ne mahaifinka,
ko Malam Garba, in shi ya fi maka sauƙin faɗa.